Laitar Ɗuri: Abin da Ke Cikinta Shi Ke Faɗa Maka Yadda Za Ka Riƙe Ta

Yawancin laitocin ɗuri da ake jefarwa da sunan sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Masu su ne ba su san abin da ke cikinsu ba. Gas ɗin da ake ɗura musu, wato butan, ruwa ne muddin yana tsare a ciki. A sarari kuwa tun kafin zafi ya kai digiri 0 yake tafasa ya koma iska, don haka matsi ne kawai ke riƙe shi a matsayin ruwa. Da an danna maɓalli sai bawul ya buɗe, kaɗan daga ruwan ya zama iska ya fito, tartsatsi ya kama shi. Tartsatsin nan ko dai daga dutsen laita yake, wanda masanin Ostiriya Carl Auer von Welsbach ya haɗa a 1903, ko daga ɗan ƙyallin lantarki mai ƙara "ƙas". Duk ƙa'idar kula da laita daga nan ta samo asali.

A duba ɗuri. Ana kifa laita, a kifa gwangwanin gas a kanta, domin ruwan ake so ya sauko. Idan gwangwanin na tsaye, tururinsa kawai zai shiga, laita ta yi kamar ta cika alhali babu komai. Kafin nan kuma sai an rage wutar zuwa ƙarshe, an danna bawul ɗin ƙasa da ɗan tsinken roba har hucin ya tsaya. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci, domin iskar da ta maƙale a ciki tana tare wa sabon gas hanya, ta sa wuta ta riƙa tsalle tana mutuwa. Bayan ɗuri za a ji laitar ta yi sanyi a hannu. Gas mai sanyi ba ya tashi da kyau, ga ragowar da ta fesu a yatsu da hannun riga, saboda haka a bar ta ta yi 'yan mintuna kafin a ƙyasta. Dutse idan ya cinye a sauya shi, bakin wuta idan ƙurar aljihu ta toshe shi a hure.

Wani zai ce ai ɗurin kansa haɗari ne, gara a sayi ta jefarwa a huta. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Butan ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, kuma abin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba a cikin iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta. Amma maganin wannan a bayyane yake: a yi ɗuri a waje, nesa da murhu da sigari. Haɗarin da ya fi damuna bai bambanta ta ɗuri da ta jefarwa ba, wato zafi. Matsin butan a digiri 50 ya ninka na digiri 20 fiye da sau biyu, shi ya sa masu ƙerawa ke gargaɗi kada ta wuce digiri 50. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura 40, laitar da aka manta a gaban mota a rana tana iya fashewa. Haka nan kuskure ne babba a ɗura mata gas ɗin tukunyar girki: akwai furofen a cikinsa, wanda matsinsa ya kusan ninka na butan sau huɗu, kuma ba a yi jikin laita don ya jure wannan ba. Ruwan man laita irin ta Zippo ma daban yake, ba ya shiga nan.

Batun arha kuwa, tun da kamfanin Bic na Faransa ya fito da tasa a 1973 ta jefarwa ta mamaye kasuwa, amma kowace ɗaya roba ce da ƙarfe da ragowar gas, masu wuyar rabawa balle a sake sarrafa su. A garuruwan da ake cinna wa shara wuta a bakin titi, wannan ragowar gas ɗin ba ƙaramin abu ba ne ga yaran da ke wasa kusa. Gwangwani guda kuwa yana cika laita sau da yawa, kuma mai kyau takan yi shekaru ana sauya mata dutse kawai.