Charles Babcock: Mai Zanen Coci da Ya Zama Limami da Farfesa

An haifi Charles Babcock a shekarar 1829 a garin Ballston Spa da ke jihar New York ta Amurka. Bayan ya kammala karatu a Kwalejin Union a 1847, sai ya shiga koyon zanen gine-gine a hannun Richard Upjohn, gwanin da ya zana cocin Trinity na birnin New York. A wancan zamani a Amurka ba a koyon wannan sana'a a aji, sai dai yaro ya zauna gaban maigida yana kallo yana kwaikwayo. A nan Babcock ya ƙware a salon Gotik, mai dogayen tagogi da bakan gizo mai tsini, wanda cocin Episkofal, reshen Anglikan a Amurka, ke ƙauna. Ya auri 'yar maigidan nasa, ya zama abokin aikinsa, kuma yana cikin mutum 13 da suka kafa ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka a 1857.

Sana'a na tsaka da ci sai ya ajiye ta, ya koma koyar da lissafi a Kwalejin St. Stephen da ke Annandale. Daga baya aka naɗa shi limamin coci, ya yi shekaru yana jagorantar masu ibada a ƙauyen Arden.

A 1871 Jami'ar Cornell da ke Ithaca ta ɗauke shi farfesanta na farko a fannin zanen gine-gine. Shugaban jami'ar, Andrew Dickson White, ya ba sabon sashen tarin littattafansa. Nan ne babban aikin Babcock yake, domin ilimin da ya samu ta hanyar almajirci shi ya tsara ya mayar darasi na shekara huɗu, abin da jami'o'in ƙasar ba su saba da shi ba. Ya kuma zana wa jami'ar gine-ginen da har yau suke tsaye: Sage College, wanda aka gina domin ɗalibai mata, da Franklin Hall, da Lincoln Hall. Wanda ya fi nuna halinsa shi ne ɗakin ibada na Sage Chapel, da aka buɗe a 1875. Jami'ar ba ta kowace ɗarika ba ce, don haka limamin Episkofal ɗin ya zana wurin da masu wa'azi na ɗarikoki dabam-dabam za su hau mumbari ɗaya.

Bai yar da limanci ba duk da aikin koyarwa. Ya yi ritaya a 1897, ya rasu a 1913.