Neman Ɗakin Haya a Birni: Mu Yi Hattara da Dillalai

'Yan'uwa cikin Almasihu, bayan girbi 'ya'yanmu da yawa sukan tafi Abuja ko Legas neman aiki. Baƙo bai san gari ba, sai ya bi dillali don samun ɗaki.

Aikin dillali shi ne ya haɗa mai gida da ɗan haya, ya karɓi la'ada, yawanci kashi 10 cikin 100 na hayar shekara. Ban da wannan, akan nemi kuɗin rubuta yarjejeniya da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Akwai dillalai masu amana. Akwai kuma wanda zai nuna wa mutum uku ɗaki ɗaya, ya karɓi kuɗinsu duka, ya kashe waya. Kuɗin hatsin da iyaye suka sayar ya tafi ke nan.

Saboda haka mu gargaɗi yaranmu:

1. Kada su biya hayar ɗakin da ba su shiga ciki ba. Su duba ruwa, wuta da bayan gida.

2. Su ga mai gidan ido da ido, su kuma tambayi maƙwabta ko gidan nasa ne.

3. Su biya a gaban shaida, su karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce.

4. Masu zuwa Legas su sani, dokar hayar jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni.

Kafin yaro ya tashi, mu roƙi fasto ya ba shi wasiƙa zuwa ikilisiyar can, domin wani dattijo ya raka shi wurin dillali. Allah ya tsare mana su.