Abin da Ke Sa Rubutu Ya Ɓace a Fuskar Kwamfuta

Ma'aikatan da ke aiki da kwamfuta, tun daga Abuja har sakatariyar Ƙaramar Hukumar Mariga da ke Bangi, sukan gamu da wata matsala. Mutum ya danna linzami domin jerin umarni ya ɓullo, sai ga akwati baƙi ƙirin, ba a ganin rubutu. Na'urar ba lalacewa ta yi ba.

A shekarar 2016 ne Windows 10 ta ba jama'a zaɓin launin fuska, watau mai haske ko mai duhu. Waɗansu manhajoji kuwa tun asali an ƙayyade musu baƙin rubutu, amma launin bango sukan aro shi daga tsarin na'urar. In an zaɓi duhu, baƙi ya hau kan baƙi ke nan. Wannan sakacin maƙera manhajar ne.

Kada a danna abin da ido bai gani ba, gama mai shirya takardar albashi yana iya goge aikin wata guda da sunan adanawa. A shiga Settings, a nemi Personalization, sa'an nan Colors, a zaɓi Light, kana a rufe manhajar a sake buɗe ta. In abin ya ci tura, a nemi sabon samfurinta.