Waswasi da Taɓin Hankali: Cuta Biyu, Lokotoro Ɗaya

A kasuwanninmu na iyaka, daga Birnin Konni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, ba ma rasa mutumin da ke komawa duba kwaɗon rumfarsa sau goma, ko yana maimaita alwala har sahu ya tashi. Idan abin ya hana shi sana'a, likitoci na kiransa cutar waswasi. Mai ita yawanci ya san tunanin ba shi da kan gado, amma ya kasa bari.

Sikizofireniya kuwa daban take. Mai ita kan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya yi imanin ana binsa da sharri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 tana damun mutum 1 cikin 300. Bincike ya nuna kusan 12 cikin 100 na masu ita suna da cutar waswasi a tare.

Kowace da maganinta. Na sikizofireniya su ne irin su risperidone, olanzapine da clozapine. Na waswasi kuwa su ne irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai. To, ga inda gizo ke saƙa: clozapine da olanzapine na iya tayar da waswasi ko su ƙara shi. Haka kuma fluvoxamine, wani maganin waswasi, yana tara clozapine a cikin jini har ya kai ga haɗari. Barin taba sigari kwatsam ma yana yin haka.

Shi ya sa muke jan hankalin 'yan'uwa fatake. Kada a karɓi magani ɗaya a asibitin Kware kusa da Sakkwato, wani kuma a Yamai, alhali lokotoron nan bai san da na can ba. A riƙa tafiya da takardun magani duka. Kafin doguwar tafiya a tanadi ƙwayoyin da za su isa, kada a cike giɓi da na masu talla a faranti. Mai shan clozapine kada ya tsallake awon jini.

Idan waswasi ya ɓullo bayan fara magani, kada a daina sha da kai, domin cutar farko na iya dawowa. A koma wurin lokotoro, shi ne zai gyara awon ko ya ƙara wani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.