Ɗigo ɗaya tsakanin Koki da bayan gari

A Koki, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa cikin ganuwar Kano, da baki aka saba kwatance: ka wuce masallaci, ka bar lungu biyu, na uku ka shiga ka tambayi yara. Yau kuwa mai kawo saƙo cewa yake, "Alhaji, turo min lokeshan." Idan alamar taswira aka tura ta WhatsApp, shi ke nan. Idan kuwa lambobi aka kwafo daga takarda, sai a yi hattara, domin wuri guda ana rubuta shi salo-salo.

Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa da ikwaita, da digiri 8 da minti 31 gabas da layin Girinic na Landan, layin da taron Washintan na 1884 ya amince a riƙa fara ƙirge daga kansa. Tsohon salo yana kasa digiri gida 60, kowane gida minti ne, minti kuma ya kasu sakan 60. Gadon lissafin mutanen Babila ke nan. Waya da kwamfuta sun fi son ɗigo, sai su rubuta 8.5167.

Juyawar ba ta da wuya. A raba mintocin da 60, a raba sakannin da 3,600, a haɗa su da digiri. Minti 31 a raba da 60 ya ba da 0.5167. Mai son komawa tsohon salo sai ya ninka abin da ke bayan ɗigo sau 60.

Inda ake zamewa shi ne mutum ya ga 8°31′ ya buga 8.31 a waya. Kamar mai ɗaukar awa ɗaya da minti 30 a matsayin 1.30 ne, alhali awa ɗaya da rabi 1.5 ce. Tazarar digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ce, daga gabas zuwa yamma kuma a Kano ta ɗan gaza haka. Kuskuren buga 8.31 ɗin kaɗai zai kai mai Adaidaita Sahu kimanin kilomita 22 yamma da birni, cikin gonaki, yana waya yana rantsuwa cewa ya iso. Ko sakan ɗaya ma wajen mita 30 ne, kuma a lungunan Koki, inda katanga ke jingine da katanga, mita 30 gidaje ne da dama. Shi ya sa ban yarda da lambar da aka datse a gurbi biyu bayan ɗigo ba. Sai ta kai gurbi biyar take nuna ƙofar gida.

Wanda ya musanya lambobin biyu, ya sa 8.5 a gaba da 12, zai tsinci kansa wajen Ganye a jihar Adamawa.

Takardun fili sun fi ɗaure kai. Ma'aikatan safiyo sukan yi awo da mita a tsarin UTM, inda Kano ta faɗa shiyya ta 32, kuma tsofaffin takardu da yawa sun dogara da ma'aunin Minna ne, alhali GPS na waya yana bin WGS84. Ko lissafi ya fita daidai, bambancin ma'aunan biyu kan gusar da wuri da gomman mitoci. Kafin mai sayen gida ya ce maƙwabci ya ci masa iyaka, ya fara tambayar mai safiyo da wane ma'auni aka yi awon.