Idon da ke hangen robar teku daga sama

Tsakanin Hawai da Kalifoniya akwai wani yanki na tekun Fasifik inda ruwa ke kewayawa yana tara shara. Binciken da ƙungiyar The Ocean Cleanup ta fitar a 2018 ya ƙiyasta faɗinsa da murabba'in kilomita miliyan 1.6, wato ya ɗara ƙasar Nijar, robar da ke ciki kuwa kusan tan 80,000. Wasu na zaton tsibiri ne da mutum zai taka. Ina! A warwatse robar take, shi ya sa nemanta ke cin mai da lokaci.

Nan ne tauraron ɗan'adam ya shigo. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, don lura da gonaki da dazuzzuka aka ƙera shi. Ɗigo guda a hotonsa fili ne mai mita 10 a kowane gefe, don haka gorar ruwa ɗaya ba ta isa ya san da ita ba. Dabarar da ta burge ni ita ce: akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, ruwa yana shanye shi, roba kuwa tana mayar da shi sama. A 2018 masana a tsibirin Lesbos na Girka suka ɗaure goruna da ledoji da komar kamun kifi, suka shimfiɗa su a kan teku don gwada ko tauraron zai gane su. Ya gane.

A 2020 Lauren Biermann da abokan aikinta a Plymouth ta Ingila suka koya wa kwamfuta bambance roba da ciyawar teku, itace da kumfa. Ta dace a kashi 86 cikin ɗari, kuma gaɓar Akara ta Gana na cikin wuraren da aka gwada.

Sai dai gani daban, kwasa daban. Girgije na rufe idon tauraron, robar da ta nutse ko ta dagargaje kuma ta ɓace masa. A ganina abin da ƙungiyar Ocean Voyages Institute ta yi ya fi kama hankali: ta raba wa matuƙan jiragen ruwa 'yan na'urori, duk wanda ya ci karo da yasasshiyar koma sai ya maƙala mata, tauraro ya riƙa bin sawunta. A 2020 jirgin ƙungiyar ya dawo Honolulu da tan 103 na koma da roba daga fita ɗaya.