Wata: Zango Ne a Hanyar Mars?

A Daura, mun saba ɗaga kai da yammacin 29 ga Ramadan mu nemi jinjirin wata don mu san ko gobe Sallah ce. Masana sararin samaniya kuwa wata tambaya suke yi: komawa duniyar wata zai taimaka wa ɗan Adam ya kai duniyar Mars, ko ɓarnar kuɗi ce?

Mutum 12 ne suka taɓa taka wata, dukkansu 'yan Amurka. Na farko shi ne Neil Armstrong a 1969, na ƙarshe kuma sun baro shi a Disambar 1972.

Mu 'yan masarautar Daura muna da misali a gida, wato garin Zango. Ma'anar kalmar zango ita ce masaukin fatake. A da, ayari ba ya ratsa hamada a tashi ɗaya. Sai ya sauka inda akwai rijiya, a cika salka, a duba raƙuma, sannan a ci gaba.

Haka masu goyon bayan komawar suke kallon wata. Nisansa kusan kilomita 384,000 ne, tafiyar kwana uku a kumbo, alhali zuwa Mars sai an kwashe wata shida zuwa tara. Idan na'ura ta lalace a wata, gida na kusa. Akwai ma rijiya: a 2009 hukumar NASA ta tabbatar da akwai ƙanƙara a wani rami da ke can kudancin wata. Idan aka raba ruwa ana samun oksijin na numfashi da haidirojin na makamashin roka. Ƙarfin jan wata kuma kashi ɗaya cikin shida ne na duniyarmu, don haka tashi daga can ya fi sauƙi.

Masu suka na cewa zangon zai cinye guzurin tafiyar. Sun ƙara da cewa Mars na da 'yar iska, wata ba shi da ita, saboda haka dabarar sauka ba ɗaya ba ce. Har yau kuma ba a taɓa haƙo wannan ƙanƙarar an yi makamashi da ita ba.

Abin ya shafe mu, domin a Disambar 2022 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata. A ganinmu, wata zai amsa sunan zango ne idan ruwansa ya ɗebu. Masu gwada hakan injiniyoyi ne, kuma hanyar zama injiniya daga ajin lissafi da kimiyya take farawa.